Manyan Tayoyi A Jikin A-kori-kura: Riba Da Hasara A Ma'aunin Kimiyya

Gabatarwa

A garuruwa da ƙauyukan ƙasar Hausa babu motar da ta kai a-kori-kura shan wahala. Ita ce ke kwaso hatsi daga gona, ita ce ke kai taki da siminti, ranar kasuwa kuma ita ce ke ɗaukar mutane da dabbobinsu a kan hanyoyin da ba su taɓa ganin kwalta ba. Haka abin yake tun zamanin Peugeot 404 da 504, har zuwa yau da Toyota Hilux ta zama ruwan dare, motar da aka fara ƙerawa a Japan a shekarar 1968.

Wasu masu irin wannan mota sukan cire tayoyin da ta zo da su daga kamfani, su sa mata waɗanda suka fi su tsayi da faɗi. Wani yana so ne cikin motar ya daina dukan ƙasa a ramukan damina, wani yana gudun kafewa a yashi, wani kuwa ado da kwarjini kawai yake nema. Duk waɗannan dalilai ne da hankali zai ɗauka. Sai dai ita mota, kamar jikin dabba, an tsara sassanta ne domin su dace da juna, ta yadda in aka taɓa ɗaya sai sauran sun ji a jikinsu. Wannan maƙala za ta duba abin da ake samu da abin da ake rasawa idan aka ƙara girman taya, ta hanyar lissafin da bai fi ƙarfin ɗalibin sakandare ba.

Inda al'adar ta yi ƙarfi

A Amurka ne wannan al'ada ta fi bunƙasa, domin a can a-kori-kura motar gida ce kuma abin alfahari. A cikin shekarun 1970 wani mutumin jihar Mizuri mai suna Bob Chandler ya yi ta ƙara wa motarsa ƙirar Ford girman taya, har ta zama abin kallo da aka sani da suna Bigfoot. Irin waɗannan motoci na wasa suna hawa tayoyi masu tsayin inci 66, wato kusan tsayin mutum. A tsibirin Aislan kuwa larura ce ta kawo abin, saboda mota ba ta iya tafiya a kan dusar ƙanƙara mai zurfi sai da taya mai girman gaske. A shekarar 2007 an ratsa ƙanƙarar arewacin Kanada da motocin Hilux waɗanda kamfanin Arctic Trucks na Aislan ya sa wa tayoyi masu inci 38. Za a sake waiwayar wannan misali a gaba, domin akwai darasi a cikinsa.

Karanta rubutun jikin taya

Kafin a yi maganar girma, ya wajaba a san yadda ake auna shi. A gefen kowace taya akwai rubutu, alal misali 265/65 R17 112S, wanda yana ɗaya daga cikin ma'aunan da Hilux ta zamani kan zo da su. Lambar farko, 265, ita ce faɗin tayar a milimita. Ta biyu, 65, tana nufin tsayin gefen tayar kashi 65 cikin ɗari ne na faɗinta, wato kimanin milimita 172. Harafin R yana nuna irin saƙar zaren da ke cikin tayar, saƙar da kamfanin Michelin na Faransa ya yi wa rajista a 1946. Lamba 17 kuwa faɗin wili ne a inci, wato ƙarfen da ake ɗaura tayar a kansa, kuma ya yi daidai da milimita 432. Lamba 112 tana nufin tayar za ta iya ɗaukar kilogiram 1,120, harafin S kuma yana nufin an yi ta ne domin gudun da bai wuce kilomita 180 a awa ba.

Idan ana son sanin tsayin tayar daga ƙasa zuwa sama, sai a haɗa faɗin wili da tsayin gefe sau biyu: 432 da 172 da 172, ya ba da milimita 776. In aka ninka wannan da 3.14 za a sami kewayenta, wato mita 2.44. Ke nan tana juyawa kimanin sau 410 a kowace kilomita.

Yanzu a ɗauka an maye gurbinta da taya mai lamba 285/70 R17, wadda masu son manyan tayoyi ke yawan zaɓa. Da irin wancan lissafi, tsayinta milimita 831 ne, kewayenta mita 2.61, kuma tana juyawa sau 383 a kilomita. Bambancin tsayinsu milimita 55 ne, wato kashi 7 cikin ɗari. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan adadi, domin shi ne zai yi ta dawowa.

Ribar da ake samu

Riba ta farko ita ce ɗaguwar mota daga ƙasa. Abin lura a nan shi ne, rabin ƙarin tsayin ne kawai ke ƙarƙashin tsakiyar ƙafar, saboda haka motar ta ɗagu ne da milimita 27 kacal, abin da bai kai santimita 3 ba. Duk da ƙanƙantarsa yana da amfani, domin taya ce kaɗai ke iya ɗaga akwatin haƙoran da ke tsakanin ƙafafun baya, wanda yake cikin sassan da suka fi kusa da ƙasa. Haka kuma doguwar taya ta fi sauƙin haye dutse ko bakin rami, kamar yadda amalanke mai manyan ƙafafu ya fi baro daɗin turawa a hanya mai gargada.

Riba ta biyu ta shafi yashi, kuma a nan ilimin halittu yana da abin cewa. Jaki bai kai raƙumi nauyi ba, amma a rairayi jaki ne ke nutsewa. Dalili kuwa shi ne kofaton jaki ƙarami ne mai tauri, alhali tafin raƙumi faffaɗa ne mai taushi, yana bajewa idan ya taka, ya rarraba nauyi a kan fili mai yawa. Abin da ke nutsar da ƙafa shi ne yawan nauyin da ya hau kan kowane ɗan yanki na ƙasa.

A taya, iskar da ke ciki ce ke ɗauke da nauyi. Don haka girman filin da taya ke takawa ya yi kusa da nauyin da ke kanta a raba da matsin iskarta. Idan ƙafa ɗaya tana ɗauke da kilogiram 500, matsin iska kuma kilogiram 2 ne a kan kowane murabba'in santimita, wato kimanin 28 a ma'aunin masu faci, to filin da take takawa murabba'in santimita 250 ne, bai kai shafin littafin rubutu ba. In aka rage iskar zuwa 17 a wannan ma'auni, filin zai haura 400. Wannan ya nuna cewa faffaɗar taya da aka cika da iska tam ba ta fi siririya taka fili sosai ba, siffar sawun ce kawai ta sauya. Amfanin babbar taya shi ne tana da wurin iska mai yawa, ana iya sassauta ta ba tare da wili ya kai ƙasa ba.

Wani hafsan sojan Ingila mai suna Ralph Bagnold, wanda ya ratsa hamadar Libiya da ƙananan motoci a shekarun 1920 da 1930, yana cikin waɗanda suka fara amfani da dabarar rage iska, kuma a 1941 ya wallafa littafi a kan kimiyyar rairayi. Direbobin da ke bin hanyar Agadas zuwa Dirku a Jamhuriyar Nijar sun san wannan dabara sarai: sukan sace iska in sun shiga rairayi, su mayar da ita in sun fito ƙasa mai tauri.

Doguwar ƙafa da gajeriya

Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Hasara ta farko tana fitowa ne daga ƙa'idar liba, wato ƙa'idar sandar da ake ɗaga dutse da ita. A dubi barewa da dabgi. Ƙafar barewa doguwa ce siririya, kuma tsokarta tana manne kusa da gaɓa, saboda haka ɗan motsin tsoka kaɗan kan jefa kofato nesa. Ta sami gudu, amma ba ta da ƙarfin tono. Dabgi kuwa ƙafafunsa na gaba gajeru ne masu kauri, ƙashin gwiwarsa ya fito sosai ya ba tsoka wurin ja, shi ya sa yake fasa suri mai tauri da faratansa, amma ba zai yi tsere da barewa ba. Tsoka ɗaya ba ta bayar da cikakken gudu da cikakken ƙarfi a lokaci guda.

Taya ma liba ce. Inji yana murɗa sandar da ke tsakiyar ƙafa, taya kuma tana mayar da wannan murɗawa ta zama turi a kan ƙasa. Ƙarfin turin shi ne ƙarfin murɗawa a raba da nisan da ke tsakanin tsakiyar ƙafa da ƙasa. Idan nisan ya ƙaru da kashi 7 cikin ɗari, turin zai ragu da kimanin kashi 6 da rabi, a kowace giya. Motar da babu kaya ba za ta nuna wannan sosai ba. Amma a-kori-kurar da aka yi wa lodin masara, ta zo hawan tudu, direbanta zai ga giyar da ta saba hawa da ita ta gaza, sai ya sauko ƙasa. Wajen tashi kuma sai ya daɗe yana riƙe da kuloci, kulocin ya yi zafi ya cinye da wuri.

Bayan haka, babbar taya ta fi nauyi, kuma nauyin nata yana can nesa da tsakiya. Duk wanda ya taɓa juya guga a ƙarshen igiya ya san cewa in igiyar ta yi tsawo, fara juyawar da tsayar da ita duk sun fi wuya. Inji zai ƙara shan mai wajen tayar da irin wannan ƙafa, musamman a cikin gari inda ake yawan tsayawa da tashi, kuma tayoyi masu manyan haƙora sun fi jan ƙasa.

Ma'aunin gudu ya daina faɗin gaskiya

Ma'aunin gudun mota ba ya ganin hanya. Abin da yake ƙirgawa shi ne yawan juyawar ƙafa, sannan ya ninka da kewayen tayar da kamfani ya sa. In aka sauya taya, shi bai sani ba. Saboda haka gudun da a da yake kilomita 100 a awa ya koma 107, alhali allurar tana nan inda take. Gaskiya ne cewa masu ƙera motoci kan saita ma'aunin ya ɗan zarce ainihin gudu, domin ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙasashe da dama ke bi ta hana ma'auni ya nuna ƙasa da gudun gaskiya. To amma ƙarin kashi 7 cikin ɗari yana iya cinye wannan rara har ya wuce.

Haka ma ma'aunin nisan tafiya. In ya nuna kilomita 1,000, motar ta yi 1,070. Mai motar da ke juyen baƙin mai bisa ga wannan ƙirge zai riƙa makara kullum ba tare da ya sani ba.

Birki

A nan ne batun ya tashi daga asarar kuɗi ya koma na rai. Abubuwa uku ne ke haɗuwa. Na farko, birki yana kama ƙafa ne daga kusa da tsakiya, don haka ƙa'idar liba da ta rage ƙarfin inji ita ce kuma ke rage ƙarfin birki a kan ƙasa, sai direba ya ƙara taka shi kafin ya sami abin da ya saba samu. Na biyu, akwai ƙarin nauyin ƙafafun da ke juyawa, wanda shi ma sai an tsayar da shi. Na uku, motar tana gudu fiye da yadda direba ke zato.

Na ukun nan ya fi muni, domin nisan da mota ke ci kafin ta tsaya yana ƙaruwa ne bisa gudu sau gudu. In aka ninka 1.07 da 1.07 za a sami kimanin 1.145. Ke nan motar da za ta tsaya cikin mita 50 bayan an taka birki, yanzu sai ta ci mita 57. Mita bakwai ɗin nan sun fi tsawon ita kanta motar, kuma sun isa su raba tsakanin tsayawa lafiya da banke yaron da ya tsallako titi. Duk ƙarfin tafiyar da birki ya kashe yana komawa zafi ne, birkin da ya yi zafi fiye da kima kuwa yakan saki, musamman a doguwar gangara da kaya.

Cibiyar nauyi da kifewa

Kowane abu yana da wani wuri da za a iya cewa nauyinsa ya taru a nan, wanda ake kira cibiyar nauyi. Kunkuru yana da wuyar kifarwa saboda cibiyar nauyinsa tana ƙasa kuma ƙafafunsa a buɗe suke. Raƙumin dawa kuwa sai ya wawware ƙafafunsa na gaba kafin ya sunkuya shan ruwa.

Injiniyoyi suna da lissafi mai sauƙi a kan wannan: a raba tazarar da ke tsakanin ƙafar dama da ta hagu da ninki biyu na tsayin cibiyar nauyi. In amsar ta yi ƙanƙanta, motar tana da saurin kifewa a kwana. Hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka ta fara auna motoci da wannan lissafi a 2001. A ɗauka tazarar ƙafafun wata mota mita 1.5 ce, cibiyar nauyinta kuma tana santimita 70 daga ƙasa. Amsar ita ce 1.07. Sau da yawa babbar taya ba ta shiga gurbinta sai an ɗaga jikin motar da kamar santimita 5. In aka haɗa da ɗagawar da tayar ta yi, cibiyar nauyi ta kusa santimita 78, amsar kuma ta sauko 0.96. Idan aka jibga buhuna har suka wuce kan direba, mutane kuma suka hau bisansu, cibiyar tana iya kaiwa mita guda, amsar ta zama 0.75. Fasinjojin da ke saman kaya ba su da bel, ba su da rufi, su ne kuma farkon waɗanda mota ke watsarwa.

Abin da ya faru a Amurka a shekarar 2000 ya isa ishara game da haɗuwar matsalar taya da doguwar mota. A watan Agusta na shekarar kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 daga kasuwa, bayan an gano cewa bayansu yana ɓarewa a kan gudu, yawanci a jikin motar Ford Explorer, wadda takan kife idan hakan ta faru. Mutane fiye da 200 ne suka rasu, kuma haɗurran sun fi yawa a jihohi masu zafi. Waɗannan tayoyi ba a ƙara musu girma ba, amma darasin ya shafi duk wanda ke ɗaga mota a ƙasa mai zafi irin ta Hausa.

Sassan da ke wahala a ɓoye

Babbar taya takan gogi madigadi ko ƙarfen jikin mota idan aka karya sitiyari gaba ɗaya, ko idan kaya suka danne sifirin. Gugar tana yanka gefen taya, wanda shi ne wuri mafi rauni a jikinta. Domin kauce wa haka wasu kan sa wilin da ke turo ƙafa waje. Wannan yana ƙara tazarar ƙafafu, amma yana nisanta nauyi daga boris, ya zama wata libar da ke cin boris da gaɓoɓin sitiyari. Shokazoba ma tana shan aiki wajen danne ƙafar da ta fi nauyi. Sannan akwai tayar safiya: in an bar ta a ƙaramin ma'auninta, ranar da aka ɗaura ta ƙafa ɗaya za ta riƙa juyawa fiye da 'yar'uwarta, abin da ke wahalar da haƙoran akwatin baya, balle a mota mai jan ƙafa huɗu.

Yadda masana ke yi

Raƙumin dawa bai tsaya ga dogon wuya kawai ba. An halicce shi da zuciya mai kauri wadda ke tura jini da matsin da ya kusa ninka na ɗan Adam, da fata mai ɗaurewa a ƙafafu wadda ke hana jini taruwa a ƙasa. Haka masu gyaran motocin Aislan suke yi. Sukan yanke madigadi su faɗaɗa shi, su sauya sifirin da shokazoba, su sauya haƙoran akwatin ƙafafu, su kuma gyara ma'aunin gudu. Lissafin haƙoran ba shi da wuya: in a da sandar inji tana juyawa sau 4.10 kafin ƙafa ta juya sau ɗaya, to bayan ƙarin kashi 7 cikin ɗari ana bukatar kimanin 4.39 kafin ƙarfin ya dawo yadda yake.

Wasu ƙasashe sun sa doka a kan lamarin. A Ostareliya, ƙa'idar gyaran motoci ta ƙasa ta yarda a ƙara tsayin tayar mota mai jan ƙafa huɗu da abin da bai wuce milimita 50 ba, in ya wuce sai da shaidar injiniya. Misalin da aka yi amfani da shi a nan, mai milimita 55, ya riga ya tsallake wannan iyaka. Masu sayar da taya a ƙasashe da yawa kan ba da shawarar kada bambancin ya wuce kimanin kashi 3 cikin ɗari.

Shawarwari

Wanda ya ga lallai yana bukatar ƙarin tsayi, ya fara duba takardar da ke manne a jikin ƙofar direba ko littafin motar, inda kamfani ya rubuta ma'aunin taya da matsin iskar da ya dace. Ya zaɓi ƙari kaɗan, alal misali daga 265/65 zuwa 265/70, wanda bambancinsa bai kai kashi 3 da rabi cikin ɗari ba. Ya tabbata lambar ɗaukar nauyin sabuwar tayar ba ta gaza ta tsohuwar ba, domin girma dabam, ƙarfi dabam. Ya sauya dukkan tayoyin har da ta safiya. Ya duba ranar da aka yi tayar, wadda ake rubutawa da lambobi huɗu tun daga shekarar 2000: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Ya gwada ma'aunin gudunsa da na wayar hannu. In ya rage iska saboda yashi, ya mayar da ita kafin ya hau kwalta, domin taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa a kowane juyi, ta yi zafi, ta fashe.

Gwaji domin aji

Malami zai iya nuna wannan darasi a filin makaranta da keke biyu, na yara da na manya. A sa alamar alli a jikin taya da kuma ƙasa, a tura keken har alamar ta juyo sau goma, a auna nisan da aka ci. Ɗalibai su raba nisan da goma su sami kewaye, su raba kewayen da 3.14 su sami tsayin taya, sannan su gwada amsarsu da awon tef. Daga nan su lissafa abin da ma'aunin gudun ƙaramin keken zai nuna da za a ɗaura shi a jikin babban.

Kammalawa

An ga cewa ƙarin kashi 7 cikin ɗari a tsayin taya yana ɗaga mota da abin da bai kai santimita 3 ba, yana kuma taimakawa a yashi idan an san yadda ake sarrafa iska. A ɗaya gefen yana rage ƙarfin ja da na birki, yana ɓata ma'aunin gudu, yana ƙara nisan tsayawa, yana matsar da mota kusa da kifewa. Ga manomin da motarsa ke wuni a fadama da rairayi tana tafiya a hankali, cinikin yana iya biya, muddin ya gyara sauran sassan. Ga mai ɗaukar fasinja da kaya a kan babbar hanya kuwa, ya kamata ya yi lissafin nan tun kafin ya je wurin mai taya, kada garin neman gira a rasa ido.